Ƙanƙara a Gadar Shaguwa

Da asuba na loda ƙanƙara ashirin a Waliya,
na lulluɓe ta da buhu da garin katako.
Kaltuma mai kifi na jirana a kasuwar Dembe.
Tafiyar kwata ce, in ji wanda bai taɓa yin ta ba.

Yanzu hantsi ya dubi ludayi,
ban wuce tsakiyar gada ba.
Ɗis. Ɗis.
Agogona ke nan, a ƙarƙashin mota.

Wa ya tare gaba?
Yaron da ke sayar da fetur a kwalba ya ce tirela ce,
ta kwaso siminti daga Kusuri,
ta zo bakin shatale ta durƙusa kamar raƙumi.
An zuba mata ganye gaba da baya,
makaniki na ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai ake gani,
ya aika a sayo ƙarfe ɗaya tun jiya.

Mai kalando ya ce ƙarya ne,
wutar hanya ce ta mutu.
Tun yaushe? Tun da aka ɗauke lantarki.
Ɗan sanda ɗaya, usur ɗaya, hanya huɗu,
shi ma ya bar su ya tafi duba takardun wani,
a nan tsakiyar kwalta,
inda takarda ta fi saurin yin nauyi.

Wata tsohuwa a motar haya ta leƙo ta taga:
ku bar ɗora wa yaro laifi,
damina ce.
Lungun Abena ya zama tafki,
na Habbena ya zama kunu,
kowa ya gudo kan baƙar hanya guda,
kamar awaki a gindin bishiya ɗaya.

Ɗis.
Saura kamar sha bakwai.

Ni dai abin da na sani:
da ina yaro bayan kogin nan gonaki ne,
dawa da kuɓewa, sai kukan kwaɗi.
Yau gidaje sun miƙe har Tukura,
kowa ya kwana a nan, abincinsa na can,
ofis can, asibiti can, kasuwa can,
kuma duk ƙarfe bakwai ake son mu.
Gari ya yi ƙiba,
wuyan rigarsa na nan yadda tela ya yanka shi.

A Dembe ma na san abin da zan tarar.
Mai tumatir ta ci taku biyu na titi,
mai gwanjo ya ci uku,
direban bas ya tsaya ɗaukar mutum guda
ya tsayar da ɗari a bayansa.
In kuma jiniya ta taso daga sama,
a share hanya, babba zai wuce,
sai mu ƙame har ƙurarsa ta kwanta.

Ƙasa, Shari na tafiya abinsa.
Wani masunci ya tura kwalekwale,
ya tsallake, ya ɗaure, ya hau tudu,
ni ina nan ina kallon ƙeyar Abakar Zen.

Ban faɗa muku ba:
ɗazu da na ga layi ya yi tsawo,
na ce bari in ɗan ratse ta hannun masu dawowa,
ni kaɗai, minti ɗaya.
Na waiga, mutum talatin sun biyo ni.
Yanzu goshi da goshi muke da motar bulo,
direbanta na zagin uwar wanda ya fara.
Na taya shi.

Kaltuma ta kira sau shida.
Kifi ba ya jin uzuri, in ji ta.
Ɗis. Ɗis.
Daga kogin nan aka ɗebo ruwan,
na biya kuɗi aka daskarar,
ga shi yana bin tsagar gada
yana komawa gida.
Shi kaɗai ya samu hanya yau.